Mura Kala-Kala Ce: Bambancin Ƙaramar Mura Da Infuluwenza, Da Inda Maganin Gida Ya Tsaya

Daga watan Nuwamba, idan iskar hunturu ta fara kaɗawa, tari da atishawa sukan cika masallatai da azuzuwa da motocin haya. Duk wanda aka tambaya me ke damunsa, amsa ɗaya ce: mura. Mai yoyon hanci da yake ci gaba da harkokinsa ya ce mura, wanda zazzaɓi ya kwantar kwana huɗu ya kasa ɗaga kai shi ma ya ce mura, haka uwar da jaririnta yake numfashi da ƙyar. Daga nan sai magani ya zama iri ɗaya ga kowa: a dafa citta da kanumfari, a yi surace, in abin ya ƙi a aika yaro kemis ya sayo kafso.

Ga mafi yawan mutane wannan ba ya jawo wata illa, domin yawancin abin da ake kira mura yakan tafi da kansa ko an sha magani ko ba a sha ba. Matsalar tana wajen 'yan kaɗan ɗin da nasu ciwon ba irin wanda ake jira ya wuce ba ne. Zuma da citta da hutu suna da amfani na gaske, amma amfaninsu rage wahala ne kafin jiki ya gama yaƙinsa da cutar. Saboda haka kafin a tambayi wane maganin gida ya fi, akwai tambayar da ta riga ta: wannan ciwon yana cikin waɗanda za a iya bar wa jiki da maganin gida?

Cututtuka biyu, suna ɗaya

Ƙaramar mura, wato ta yau da kullum, ciwo ne na hanci da maƙogwaro. Abin da ke kawo ta ƙwayar cuta ce da ake kira bairos, halitta ƙarama ƙwarai wadda ba ta iya hayayyafa sai ta shiga cikin ƙwayoyin jikin mutum ko dabba. Ta bambanta da bakteriya, wadda ta fi ta girma nesa ba kusa ba kuma take iya rayuwa da kanta. Wannan bambanci zai dawo idan an zo maganar kafso. Nau'in bairos da ke kawo ƙaramar mura ya haura 200, kuma wanda ya fi yawa a cikinsu shi ne rainobairos, wanda aka fara ganowa a Amurka a shekarun 1950. Yawansu ne ya sa har yau babu allurar rigakafin ƙaramar mura, kuma shi ya sa mutum kan warke ya sake kamuwa bayan wata guda: jikinsa ya san wadda ta wuce, bai san sabuwar ba. Babban mutum yakan yi ta sau 2 zuwa 3 a shekara, ƙananan yara kuwa sau 6 zuwa 8 ba abin mamaki ba ne.

Infuluwenza, wadda za a iya kira babbar mura, wani dangin bairos ne daban. An fara ware ta daga jikin ɗan'adam a Landan a 1933. Nau'i biyu, A da B, su ne suke zagaya duniya kowace shekara. Ba a hanci kawai take tsayawa ba, takan sauka har huhu, ta girgiza jiki gaba ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum biliyan 1 ne suke kamuwa da ita duk shekara, miliyan 3 zuwa 5 su yi tsanani, sannan tsakanin 290,000 da 650,000 su mutu ta dalilin matsalar numfashi da take haddasawa.

Ƙasar Hausa ta taɓa ganin mafi munin fuskarta. Annobar 1918, wadda ta kashe aƙalla mutum miliyan 50 a duniya, ta shigo Legas ta jirgin ruwa a watan Satumba na shekarar, ta bi layin dogo da hanyoyin fatake zuwa Arewa. Masana tarihi suna ƙiyasta cewa kusan mutum 500,000 suka rasu a Najeriya. Ita ce tsofaffi suke kira marisuwa. Murar tsuntsaye da aka tabbatar da ɓullarta a wata gonar kaji a jihar Kaduna a watan Fabrairun 2006, ta kuma bayyana a Magariya ta Jamhuriyar Nijar a wannan watan, ita ma 'yar dangin infuluwenza A ce, haka murar aladu ta 2009.

Yadda ake gane su

Alama mafi amfani ita ce yadda ciwon ya fara. Ƙaramar mura sannu a hankali take zuwa. Yau maƙogwaro yana ƙaiƙayi, gobe atishawa da yoyon hanci, jibi hanci ya toshe, sai tari ya biyo baya. Takan kai ƙololuwa a rana ta biyu ko ta uku, ta lafa cikin kwana 7 zuwa 10, ko da yake tarin yana iya jan ƙafa har mako uku. Babba bai cika yin zazzaɓi da ita ba, in ma ya yi to kaɗan ne. Yana jin ba daɗi, amma yana iya zuwa kasuwa ko ofis.

Babbar mura kuwa farat ɗaya take kama mutum. Da safe lafiyarsa ƙalau, kafin la'asar yana rawar sanyi. Zafin jiki yakan kai digiri 38 zuwa 40, da ciwon kai mai nauyi, da ciwon tsoka musamman a baya da cinyoyi, da busasshen tari, da kasalar da ke hana ko zuwa bayan gida cikin sauƙi. Masu ita sukan iya faɗin sa'ar da ta fara. Yoyon hanci yana iya zuwa, amma ba shi ne kan gaba ba. Yara wani lokaci sukan haɗa da amai ko gudawa. Zazzaɓin yakan sauka cikin kwana 3 zuwa 5, sai dai gajiyar da tarin sukan daɗe mako biyu ko fiye.

A taƙaice, idan ciwon daga wuya zuwa sama ya tsaya, ya fi kama da ƙaramar mura. Idan dukkan jiki ne ya ɗauka kuma cikin gaggawa, sai a zargi babba. Wannan ma'auni ne na zato kawai. Akwai wanda infuluwenza za ta zo masa da sauƙi har ya ɗauka ƙaramar mura ce, yana yawo yana rarraba ta, kuma tsoho mai shekara 80 yana iya kamuwa da ita ba tare da jikinsa ya yi zafi ba, sai dai a ga ya rikice ko ya daina cin abinci. Tun 2020 kuma korona ta shigo tsakani, tana iya kwaikwayon kowacce daga cikinsu. Gwajin da ake ɗibar majina daga hanci ne kaɗai yake raba gardama.

Hanyar yaɗuwarsu kusan ɗaya ce: feshin tari da atishawa, iskar ɗakin da ba a buɗe ba, da hannun da ya taɓa majina ya yi musabaha ko ya riƙe buta da kofi. Mai infuluwenza yana iya sa wa wani tun kwana ɗaya kafin shi kansa ya ji alama, har zuwa kwana 5 zuwa 7 bayan ta fara.

Masu shigar burtu

Littattafan lafiya na Turai sukan tsaya a kan waɗannan biyun. A Kano ko Maraɗi ko Tamale, tsayawa nan ganganci ne, domin zazzaɓi da rawar sanyi da ciwon kai da ciwon gaɓoɓi su ne kuma alamomin zazzaɓin cizon sauro. Najeriya ita kaɗai tana ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da maleriya a duniya, Nijar ma tana cikin ƙasashen da cutar ta fi yi wa kisa. Ana yin kuskuren ta fuska biyu. Wani yana da infuluwenza sai ya shanye maganin maleriya a banza, wani kuma yana da maleriya sai a ce mura ce a yi ta ba shi shayin citta. Kuskure na biyu ya fi haɗari, domin maleriya tana iya kashe ƙaramin yaro cikin kwana ɗaya ko biyu. Tari da ciwon maƙogwaro suna karkata zato zuwa mura, amma ba sa wanke maleriya, tunda ana iya haɗa su biyun a jiki ɗaya. Gwajin jini na ɗan yatsa yana ba da amsa cikin minti 15 zuwa 20, kuma duk zazzaɓin da ya taso a wannan yanki ya cancanci a yi masa shi.

Sanƙarau ma lokacinsa ɗaya da na mura, daga hunturu zuwa bazara, kuma farkonsa zazzaɓi ne da ciwon kai. Abin da ke tona shi sanƙarewar wuya, ƙin haske, amai, da gushewar hankali. Ƙyanda takan fara da yoyon hanci da tari da jan ido kwanaki kafin ƙuraje su fito. Mashaƙo, wanda ya yi ɓarna sosai a Kano da maƙwabtanta a 2023, yakan fara da ciwon maƙogwaro da ɗan zazzaɓi, sannan wata fata mai ruwan toka ta rufe maƙogwaron, wuya ya kumbura.

Akwai kuma abin da ba ƙwayar cuta ce ta kawo shi ba sam. Wasu ƙurar hunturu ce jikinsu ba ya so: atishawa a jere, ruwa fari daga hanci, ƙaiƙayin ido, babu zazzaɓi, kuma abin yana iya ɗaukar makonni muddin hazo yana nan. Sai kuma garwashin da ake shiga da shi ɗaki a kasko a rufe ƙofa da taga saboda sanyi. Iskar da yake fitarwa ba ta da wari, tana sa ciwon kai da jiri da tashin zuciya, kuma tana kisa cikin barci. Idan mutanen ɗaki ɗaya suka tashi da ciwon kai tare, babu zazzaɓi, suka kuma ji sauƙi da suka fito waje, to a binciki wutar da aka kwana da ita.

Sanyi ne ke kawo mura?

Iyaye sun daɗe suna hana yara wanka da ruwan sanyi da asuba, da kwana ba rufa, da shan ƙanƙara, don kada mura ta kama su. Likitoci kuma sun daɗe suna cewa wannan camfi ne, bairos ke kawo mura. Kowane ɓangare yana da abin kafa hujja.

A garin Salisbury na Ingila an kafa wata cibiya a 1946 wadda ta shafe sama da shekara 40 tana binciken ƙaramar mura kawai. Ana gayyatar masu sa kai a ɗiga musu ƙwayar cutar a hanci, wasu kuma a jiƙa su a bar su cikin sanyi. Sanyin shi kaɗai bai sa kowa mura ba. Wannan shi ne ginshiƙin ra'ayin likitoci. Amma a 2005 masu bincike a Jami'ar Cardiff suka ɗauki mutum 180, rabinsu suka tsoma ƙafa cikin ruwan sanyi na minti 20. Cikin kwanakin da suka biyo baya, kashi 29 cikin 100 na waɗanda suka sha sanyin sun nuna alamun mura, a ɗaya rukunin kuwa kashi 9. Fassarar masu binciken ita ce wasu suna ɗauke da ƙwayar a hanci ba tare da ta yi musu komai ba, sanyin ne ya rage gudun jini a hancin ya ba ta dama. A 2015 wani bincike a Jami'ar Yale, da aka yi kan ƙwayoyin hanyar numfashin ɓera, ya nuna rainobairos ya fi hayayyafa idan wurin ya yi sanyi, saboda garkuwar wurin takan yi rauni.

Abin da za a iya tsayawa a kai shi ne babu mura sai da ƙwayar cuta, amma sanyi da busasshiyar iska suna sauƙaƙa mata aiki. Ƙura tana busar da fatar cikin hanci har ta tsattsage, sannan sanyi yana tara mutane a ɗaki ɗaya a toshe kowace kafa. Uwar da ta sa wa ɗanta hula da safa ba ta yi kuskure ba. Kuskuren shi ne a rufa wa yaro bargo biyu a bar shi yana shan ruwa a kofi ɗaya da mai tari. Kuma ya kamata a sani cewa a ƙasashe masu zafi infuluwenza ba ta jiran hunturu, tana iya tasowa a kowane lokaci, har da tsakiyar damina.

Maganin gida: wanne ke da hujja

Zuma ce ta fi kowanne tsayawa da ƙafarta. Matsayinta a wajen Musulmi sananne ne, an ambace ta a Suratun Nahli, kuma gwaje-gwajen asibiti sun nuna tana rage yawan tari da tsananinsa ga yara, musamman na dare, fiye da barin yaron ba magani. A 2018 hukumomin lafiya na Ingila sun ba da shawarar a fara da ita kafin a nemi wani abu ga mai sabon tari. Ƙaramin cokali ɗaya kafin barci, ko a dama a ruwan ɗumi da lemon tsami, ya wadatar. Sharaɗi ɗaya ne ba a sassauta shi: ba a ba jaririn da bai cika shekara 1 ba zuma, ko da lasawa ce. Tana iya ɗauke da ƙwayoyin wata bakteriya da hanjin babba ke iya jurewa amma na jariri ba ya iyawa, gubarta kuma tana shanye jiki har ta tsayar da numfashi. Wannan yana buƙatar nanatawa a gidajen da aka saba lasa wa sabon haihuwa zuma. Mai ciwon suga shi ma ya lissafa ta cikin zaƙin da yake sha.

Na biyu a hujja abu ne da ba a sayarwa, wato barci. A wani bincike da aka wallafa a 2009 daga Jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka, an bi barcin mutum 153 na mako biyu, sannan aka ɗiga musu rainobairos a hanci. Waɗanda suke barcin ƙasa da awa 7 sun kamu kusan ninki uku na masu yin awa 8 ko fiye. Ga mai infuluwenza kwanciya ba ragwanci ba ne, kuma zamansa a gida kariya ce ga abokan aikinsa da na sahu.

Ruwa da abin sha mai ɗumi suna biye. Zazzaɓi da gumi suna zuƙe ruwan jiki, don haka kunu, koko, shayi, romo, duk suna da amfani, kuma ɗuminsu yana sassauta majina ya lallashi maƙogwaro. Farfesun kaza da ake yi wa mara lafiya yana haɗa ruwa da gishiri da abin gina jiki a kwano ɗaya, barkonon kuma yana buɗe hanci na ɗan lokaci. Jariri mai shan nono a ƙara masa yawan shayarwa. Kurkure maƙogwaro da ruwan ɗumi mai gishiri, rabin ƙaramin cokali a kofi guda, yana rage zafi. Ɗigon ruwan gishiri na hanci da ake samu a kemis yana taimakon jaririn da toshewar hanci ta hana shi kama nono, kuma ya fi duk wani mai da za a ɗiga masa aminci.

Citta, kanumfari, masoro, tafarnuwa da habbatus sauda su ne 'yan gaban goshin kowane gida. Citta tana da hujja mai kyau wajen rage tashin zuciya, kanumfari yana ɗan kashe zafi a inda ya taɓa, kuma shayinsu yana sa mutum ya ji daɗin jikinsa, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga mai jinya. Amma da'awar cewa suna kashe ƙwayar mura a jikin mutum ta fi abin da bincike ya tabbatar nisa. Yawancin sakamakon da ake yaɗawa a WhatsApp daga kwalbar ɗakin gwaji suka fito, kuma abin da ya kashe ƙwayar cuta a kwalba ba lalle ya yi haka a huhu ba. A sha su gwargwadon yadda ake sa su a abinci da shayi. Mai gyambon ciki da mai shan maganin tsinka jini su yi hattara da yawansu, kuma ɗanyar tafarnuwa ba abin cusawa a hanci ko ɗaurawa a fatar yaro ba ce, tana ƙonawa.

Labarin bitamin C ya samo asali ne daga Linus Pauling, masanin kimiyyar da ya ci kyautar Nobel sau biyu, wanda ya yi ta tallata shi tun 1970. Da aka tattara gwaje-gwaje na shekaru masu yawa, sai aka ga shan sa kullum ba ya hana yawancin mutane kamuwa, sai dai yana rage tsawon murar da kusan kashi 8 cikin 100 ga manya da kashi 14 ga yara. Fara sha bayan mura ta riga ta kama bai nuna wani amfani tabbatacce ba. Lemo da gwaba da kuka da zogale suna ba da abin da jiki ke buƙata ba tare da an sayi kwalba ba. Sinadarin zinki na tsotsawa yana iya rage kwanakin ƙaramar mura idan an fara da wuri, amma hujjar ba ta da ƙarfi sosai, kuma yana ɓata ɗanɗanon baki ya tayar da zuciya.

Sai surace. A tafasa ganyen darbejiya ko na gwaba ko na mangwaro, a lulluɓa da bargo a shaƙi tururi. Mutane da yawa suna jin hancinsu ya buɗe, kuma ba ƙarya suke yi ba, amma gwaje-gwaje ba su nuna yana rage kwanakin ciwo ba, tururin kuma ba ya kashe bairos ɗin da ya riga ya shige cikin ƙwayoyin jiki. Haɗarinsa kuwa tabbatacce ne: tukunyar tafasasshen ruwa a gaban yaro mai mutsu-mutsu a ƙarƙashin bargo. Babba in yana so ya yi da kula. Yaro a bar shi. Haka man zafi mai kafur, ana shafa shi a ƙirjin babba ko yaro da ya tasa, ba a sa shi cikin hanci, ba a lasa, ba a kuma shafa wa ɗan ƙasa da shekara 2. Cire beli da wasu ke kai yara wajen wanzami saboda tari ko ciwon wuya ba ya cikin maganin mura ta kowace fuska, kuma yana jawo zubar jini da shigar cuta.

Abin da ake sayowa a kemis

Kafso irin su amoksisilin da tetrasaikilin, waɗanda ake kira antibayotik, bakteriya suke kashewa. Ba su da tasiri kan bairos, don haka ba sa maganin ƙaramar mura ko babba. Mutum yakan sha a rana ta huɗu, ya ji sauƙi a ta shida, ya yaba wa kafso, alhali lokacin warkewar ne ya yi. Majina ta koma ruwan ɗorawa ko kore ma ba hujja ba ce, launin daga ƙwayoyin garkuwar jiki yake fitowa. Illar wannan ɗabi'a ita ce bakteriyar da ke jiki takan koyi jure maganin, ranar da aka buƙace shi da gaske sai ya ƙi aiki. Wani babban bincike ya ƙiyasta cewa a 2019 irin wannan bijirewa ta kashe mutum miliyan 1.27 kai tsaye a duniya, kuma Afirka ta Yamma ce ta fi kowane yanki yawan mace-macen idan aka auna da yawan jama'a.

Masu kare shan kafson sukan ce ai mura tana rikiɗewa ta zama ciwon huhu. Wannan gaskiya ne, musamman bayan infuluwenza, domin takan ɗaye fatar hanyar numfashi, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A lokacin ne antibayotik yake da aiki, bisa ganin likita. Shan sa tun farko don tsoron abin da bai zo ba bai zama kariya ba.

Farasitamol yana sauke zazzaɓi ya rage ciwon jiki. Babba kada ya wuce giram 4 a yini, kuma ya duba takardar maganin murar da ya saya, domin yawancinsu akwai farasitamol a ciki, haɗa su biyu yana iya lalata hanta. Ba a ba yaro ɗan ƙasa da shekara 16 asfirin idan yana mura, saboda wata cuta da ba ta cika faruwa ba amma tana taɓa hanta da ƙwaƙwalwa. Ruwan maganin tari bai dace da ƙananan yara ba, mai kodin a ciki kuwa gwamnatin Najeriya ta haramta yin sa da shigo da shi tun watan Mayun 2018, bayan ɓarnar da ya yi wa matasa.

Infuluwenza tana da nata magani na musamman, oseltamibir, wanda aka fi sani da Tamiflu. Ya fi aiki idan an fara shi cikin awa 48 da bayyanar alamu, kuma wannan ne babban dalilin da ya sa gane ta da wuri yake da muhimmanci ga masu rauni.

Waɗanda ba a jira da su

Masu raunin su ne yara 'yan ƙasa da shekara 5, musamman 'yan ƙasa da 2, da waɗanda suka kai 65, da masu juna biyu da masu jego, da masu asma, ciwon zuciya, ciwon suga, ciwon ƙoda, sikila, ko cuta mai karya garkuwar jiki. Idan ɗayansu ya nuna alamun babbar mura, a kai shi asibiti a ranar. Jaririn da bai kai wata 3 ba kuwa, kowane irin zazzaɓi ne a kai shi.

Ga yara akwai gwajin da kowace uwa za ta iya yi da agogon waya: a ƙirga numfashin yaro na minti ɗaya yana kwance a natse. Idan ya kai 60 ga ɗan ƙasa da wata 2, ko 50 ga ɗan wata 2 zuwa 11, ko 40 ga ɗan shekara 1 zuwa 5, alamar ciwon huhu ce, wanda ake kira limoniya ko sanyin haƙarƙari. Haka idan ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa ciki duk lokacin da ya ja numfashi. Wannan ciwo ya kashe yara 'yan ƙasa da shekara 5 sama da 740,000 a 2019, kuma da yawa cikinsu da mura abin ya fara. Ƙin kama nono, amayar da komai, jijjiga, barcin da ba a iya tashe shi, leɓe ya yi shuɗi, duk na gaggawa ne. Ga babba, a lura da sarƙewar numfashi, ciwon ƙirji, tari da jini, rikicewa, zazzaɓin da ya wuce kwana 3, ko wanda ya sauka sannan ya dawo da tari mafi muni. Tarin da ya kai mako biyu, balle in da rama da gumin dare, a je a yi gwajin tarin fuka, wanda kyauta ake yin sa da maganinsa a cibiyoyin gwamnati a Najeriya.

Infuluwenza tana da allurar rigakafi, sai dai ana sabunta ta kowace shekara saboda ƙwayar tana sauya kama. Hukumar Lafiya ta Duniya tana zama sau biyu a shekara, a Fabrairu da Satumba, ta zaɓi nau'o'in da za a sa a ciki. Ba ta hana kamuwa ɗari bisa ɗari, kuma ba ta taɓa ƙaramar mura, amma tana rage yiwuwar kwanciya asibiti da mutuwa. Ba ta cikin jerin alluran da ake yi wa yara kyauta a Najeriya, don haka mai buƙata sai ya tambaya a manyan asibitoci. Hukumomin lafiya na Saudiyya suna ba maniyyata shawarar yin ta kafin tafiya, kuma tsofaffi da masu ciwon suga ko asma da ke shirin aikin Hajji su ne suka fi cancantar neman ta, aƙalla mako biyu kafin tashi, domin tsawon lokacin da jiki ke ɗauka ke nan kafin garkuwar ta kafu.